Lansir ya ba da iri, kabeji ya ƙi: inda na kai da lambun bokiti a Agege

'Yan uwa masu koyon noman bokiti, ga inda aka kwana tun daga ƙarshen damina zuwa yanzu da hazo ya ɗaga. Burina a wannan zagayen ɗaya ne: in gano wanne daga cikin dangin kabeji zai ba ni iri a nan Legas, in huta da saƙon iri daga Arewa da sayen 'yar leda duk lokacin shuka. Ganye kam duk wanda ya dage da ban ruwa zai ci. Iri shi ne magana.

Kayan aiki ba su canza ba. Bokitan fenti da na huda gindinsu, da buhunan shinkafa da na naɗe bakinsu, jere a jikin katangar bayan gidan da muke haya, inda rana ke sauka daga hantsi zuwa azahar kafin inuwar benen maƙwabta ta rufe wurin. Ƙasar nan yashi ya yi mata yawa, sai na cakuɗa ta da kashin shanu da nake samowa wajen Abbatuwa ta Oko-Oba, wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanye yana ƙone saiwa, ku kiyaye. Irin lansir wani direban tirela ɗan unguwarmu ne ya taho mini da shi daga Kano. Mastad kuwa a shagon kayan ƙamshin girki na saye shi a Ilupeju, inda Indiyawa suke da yawa, irin wanda suke soyawa a mai. Ba don shuka ake sayar da shi ba, amma da na jiƙa kaɗan a tsumma sai ya tsiro. Kabeji ne kaɗai na 'yar leda.

Lansir bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Ka zuba 'ya'yansa jajaye a ruwa, kafin ka juya sun yi yauƙi sun manne da juna, kuma wannan yauƙin ne ke riƙe musu laima har su tsage. Kwana biyu zuwa uku ya fito. Matsalarsa a nan zafi: bai gama cika bokiti da ganye ba sai ya miƙe kara ya nufi fure, ganyen ya ƙanƙance ya ƙara yaji. Wanda ke son na kwaɗo da ƙuli-ƙuli ya riƙa shukawa kaɗan-kaɗan yana yanka da wuri, ya kuma ja bokitin inda inuwa take. Ni da iri nake nema, wannan gaggawar tasa ta yi mini daidai, na bar bokiti guda ban taɓa shi ba.

Idan naku ya yi fure, ku nemi gilashin ƙara girma ku duba, ko ku ɗauki hoto da waya ku buɗe shi. Furen fari ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kunnuwansa huɗu, biyu na fuskantar biyu. A tsakiya akwai zare shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye, biyu gajeru. Wannan ƙirar ita ce shaidar gidan, gidan da masana ke kira Brassicaceae, mai jinsin tsirrai kimanin 3,700. Furen mastad rawaya ne kuma ya fi girma, amma ka ƙirga za ka tarar da huɗu da shidan nan daram. Kwanson lansir ɗan fale-fale ne mai tsagu a ka, da ƙwaya biyu a ciki. Da ya fara komawa ruwan ƙasa na yanke karan gaba ɗaya na zura a buhun takarda, na rataye a ɗaki. A leda yakan yi fumfuna, laimar Legas ba ta da sabo. Na sake shuka wanda na samu, ya fito lafiya. Lansir dai an gama da shi.

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar bokiti. Ku daka busasshen mastad a turmi ku sansana, kusan babu komai. Ku raba garin biyu, ɗaya ku kwaɓa da ruwan sanyi, ɗaya da tafasasshe, ku ba su minti 10. Na ruwan sanyi zai hau muku hanci har ƙwalla. Na tafasasshen ruwa zai yi lami, sai ɗaci-ɗaci. Dalili shi ne tsiron yana ajiye abu biyu a wuri daban-daban a jikinsa: wani sinadari mai farar wuta a ciki da ake kira gulukosinolet, da wani mai farfasa shi da ake kira mairosines. Muddin ba su haɗu ba, lafiya lau. Da haƙori ko bakin tsutsa ya fasa ganyen, ko aka daka ƙwayar aka sa ruwa, sai su gauraya su haifar da man nan mai yaji. Zafi mai yawa yana kashe mairosines, shi ya sa dafaffen kabeji ba ya cizon harshe irin na ɗanye.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wannan makamin bai tsaya ga gidan kabeji kaɗai ba. Zogale yana da shi, gwanda tana da shi, gasaya ma haka, kuma masana sun tara su duka a babban zuri'a guda da kabeji. Ku tauna baƙar ƙwayar gwanda guda ɗaya, sannan ku tauna ganyen lansir. Yajin iri ɗaya ne, domin sinadarin da ke fitowa ɗaya ne. Wanda ya taɓa kankare saiwar zogale ya san warin da nake nufi. Gasaya ma ta fi su kusanci, gidansu ne maƙwabcin gidan kabeji na kusa a wajen masana.

Sai mastad. A jikin kwalbar an rubuta baƙin mastad ne, amma da ya yi kwanso sai ya tona asirin kansa. Baƙin mastad na ainihi, Brassica nigra, kwansonsa gajere ne, bai kai santimita 2 ba, kuma yana lafewa a jikin kara. Nawa dogo ne, ya buɗe ya yi nesa da karan. Wannan kamannin Brassica juncea ne, mastad ɗin Indiya. Ba ha'incin mai shago ba ne, yawancin abin da ke yawo a kasuwar duniya yanzu shi ne, saboda baƙin yana zubar da 'ya'yansa da wuri, injin girbi ba ya jin daɗinsa.

Wannan bambancin ya kai ni ga wani aiki da ya kamata duk mai sha'awar gidan nan ya sani. A 1935 wani masanin tsirrai ɗan asalin Koriya da ke aiki a Japan, Woo Jang-choon, wanda Japanawa ke kira U, ya nuna yadda manyan jinsuna shida na Brassica suke da alaƙa. Uku iyaye ne. Akwai rapa mai kuromosom tagwaye 10, wato ƙunshin da bayanan gado ke naɗe a ciki. Daga gare shi kabejin China da tanif suka fito. Akwai nigra mai 8. Akwai oleracea mai 9, wanda shi ne kabejinmu. Sauran ukun 'ya'ya ne da suka samu sa'ad da biyu daga iyayen suka yi barbara, ɗan ya riƙe gadon kowannensu cikakke bai rage ba. Ka haɗa 10 da 8 ka samu 18, juncea ke nan, wanda ke cikin bokitina. Ka haɗa 8 da 9 ka samu 17, carinata, mastad ɗin Habasha da suke miya da ganyensa. Ka haɗa 10 da 9 ka samu 19, napus, wanda Baldur Stefansson da Keith Downey suka gyara a Kanada a shekarun 1970 ya zama tushen man kanola. Lissafin ɗan firamare ne, kuma binciken DNA da aka yi shekaru da yawa bayansa ya tabbatar da shi.

Kada wannan ya sa wani ya ɗauka duk abin da ka haɗa alheri zai fito. A shekarun 1920 wani Barashe, Georgii Karpechenko, ya haɗa kabeji da radish, jan tushen nan mai yaji, ya kuma samu tsiro mai haihuwa. Sai dai ganyen ya ɗauko na radish, saiwar ta ɗauko ta kabeji. Ba a ci sama ba, ba a ci ƙasa ba.

Amfanin sanin wannan a wajenmu shi ne maganar barbara. 'Ya'yan nan uku galibi fure yana karɓar garin jikinsa, don haka mastad ɗina ko guda ɗaya ne zai cika kwanso, kuma ya cika. Rapa da oleracea kuwa yawancinsu suna ƙin nasu. Kan macen furen yana gane garin da ya fito daga tsiron da yake kai, ya hana shi tsirowa. June Nasrallah da abokan aikinta a Jami'ar Cornell ta Amurka sun yi shekaru suna tono yadda wannan ganewar ke faruwa. Wannan ce amsar tambayar da wata 'yar uwa daga Idi-Araba ta yi mini, wadda ta shuka ganyen 'yan China mai rawayan fure ya yi fure jingim amma kwanson ya fito fanko. Hajiya, tushe ɗaya kika bari. Ki bar kamar biyar ko shida su yi fure tare, kuma tunda ƙudan zuma ba ya yawan hawa benenku, ki ɗauki gashin kaza da hantsi ki riƙa shafa furen wannan ki kai wa wancan. A makarantun Amurka akwai wani rapa mai saurin girma da Paul Williams ya fitar a Jami'ar Wisconsin, wanda ke zagayowa daga iri zuwa iri cikin kwana 40 ko ƙasa da haka, kuma ɗalibai busasshen ƙudan zuma suke mannawa a tsinken sakace su yi barbarar da shi. Gashin kaza ya wadatar.

To, kabeji. Ya yi ƙoƙari. Dashen da na yi da shigowar hunturu ya naɗe kai, ba mai tauri irin na Jos ba, amma an yanka an ci da shinkafa. Na bar wasu kututture a buhu in ga ko za su yi fure. Sun fitar da 'yan ƙananan kawuna a gefe, sun sake fitar da ganye, fure ko alama.

Na kai maganar kasuwar Mile 12, wajen wani dattijo da ke sauke kabejin Filato. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, tun kafin a haife ka nake wannan sana'a. Ka taɓa ganin furen kabeji?" Na ce, "A'a, Baba, shi na zo tambaya." Ya ce, "Masu noman ma na gwangwani suke saya duk shekara. Kai da ke Ikko kake son ka fi su?" Muka yi dariya, ya ƙara mini da ganyen waje na kyauta wai in kai wa akuya.

Gaskiyar Baba ce, kuma masana sun san dalili. Kabeji tsiron shekara biyu ne a ƙasashen da ya fito. Shekarar farko ya tara abinci a kai, hunturu ya ratsa shi, sannan da bazara ya fasa kan ya fitar da karan fure. Sai ya sha sanyi na ƙasa da digiri 10 makonni da yawa a jere, kuma sai ya girma karansa ya kai kaurin fensir kafin sanyin ya yi masa tasiri. A 1999 ƙungiyoyi biyu, ta Richard Amasino a Wisconsin da wata a Ostireliya, suka bayyana ƙwayar gadon da ke riƙe da wannan al'amari, suka kira ta FLC. Aikinta na birki ne: muddin tana aiki, tsiro ba zai yi fure ba. Doguwar sanyi ce ke sassauta ta sannu a hankali har ta saki, tsiron kuma ya riƙe wannan a jikinsa ko da ɗumi ya dawo. A 'ya'yan da zai haifa sai ta koma yadda take, su ma sai sun sha nasu sanyin. A Legas, inda ko a tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20, babu abin da zai taɓa ta.

Ba a kan kabeji aka fara gano wannan ba. A kan wata 'yar ciyawa ce ta gidan, Arabidopsis thaliana, wadda ba a ci, ba a sayarwa, da za ka gan ta a bakin kwata ba za ka waiwaya ba. Masana sun zaɓe ta ne saboda ƙanƙantarta da saurinta: mako shida ta yi iri, kuromosom ɗinta tagwaye 5 kacal. Ita ce tsiro na farko da aka karanta bayanan gadonsa kusan gaba ɗaya, a shekarar 2000, kuma ita ce ta fara yin fure har ta ba da iri a sararin samaniya, a tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet a 1982.

Wani zai ce a sa kututturen a firij. Na yi wannan tunanin na ajiye shi. Makonni ake magana ba tare da yankewa ba, ga yadda wutarmu take, kuma zafi mai ƙarfi a tsakani yana iya warware abin da sanyin ya fara. Ko an yi nasara ma akwai wata a gaba. Yawancin irin 'yar leda mai alamar F1 ne, haɗin iyaye biyu da kamfani ya zaɓa, kuma jikokinsa ba sa fitowa iri ɗaya: wani ya naɗe, wani ya baje. Ga kuma ƙin garin kai da na faɗa a sama. A ganina wanda ke son kabeji a Legas ya sayi irinsa da zuciya ɗaya, ya nemi wanda aka rubuta yana jure zafi, ya bar wahalar tara iri ga lansir da mastad.

Yanzu maganar da ta fi cin lokacina, tsutsa. Da ruwa ya ɗauke na fara ganin wasu tabo a ganyen kabeji, an cinye naman ganyen ta ƙasa an bar fatar sama shara-shara, haske na ratsawa. Ka juya ganyen za ka ga 'yar koriyar tsutsa da ba ta wuce santimita 1 ba, mai tsini a kai da gindi. Ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya da sauri, ta saki kanta ta rataya a zare. Wannan halin kaɗai ya isa shaida, Plutella xylostella ce. Uwarta wani ɗan siririn malam-buɗe-littafi ne ruwan toka da ke tashi da magariba. Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta saƙa 'yar raga a bayan ganye ta kwanta ciki, kuma a zafi irin namu mako biyu zuwa uku sun isa a samu sabon zubi.

Yajin da ke korar sauran ƙwari ita shi ke kiranta, da ƙamshinsa uwar ke gane inda za ta yi ƙwai. A 2002 masana a cibiyar Max Planck da ke Jena a Jamus suka nuna dabararta: tana da wani sinadari a hanjinta da ke cire wani ɓangare na gulukosinolet tun kafin mairosines ya kai gare shi, sai yajin ya ƙi tashi, ta ci abinta lafiya. Da maganin feshi ma haka ta yi. Tun 1953 aka ba da rahoton ta daina jin DDT a tsibirin Java na Indunusiya, kuma ita ce ƙwaro na farko da aka samu ya bijire wa Bt, maganin ƙwari da ake samu daga wata ƙwayar bakteriya, a gona, a Hawai, wajajen 1990. Saboda haka duk wanda ya ce muku ga wata kwalba da za ta gama da ita, ku yi masa godiya kawai. Bokiti goma ba gona ba ce, hannu ya fi magani. Da safe ina juya ganye ɗaya bayan ɗaya ina murtsukewa, da yamma ina watsa ruwa ta sama da ƙarfi, domin ruwan sama na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan, shi ya sa ta fi ta'adi da rani. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya yana rage mata ci, yana kuma taimakawa wajen rage darɓa. Amma abin da ya fi komai aiki tsohon gidan sauro ne da na kafa a kan sanduna, na danne gefensa da bulo. Sharaɗin shi ne a rufe tun ranar dashe, kuma wanda aka wanke sosai. Idan ƙwai ya riga ya shiga, ka gina mata ɗaki ne.

A Bangalore ta Indiya masu bincike sun gwada shuka layi 2 na mastad bayan kowane layi 25 na kabeji don uwar ta tafi can ta yi ƙwai, kuma ya yi musu aiki, ko da yake a wasu ƙasashen da aka maimaita bai yi kamar haka ba. A tsakar gida mai faɗin tabarma uku ban ga hikimarsa ba. Mastad ɗin yana gefen kabejin, duk wadda ya kira ta iso gare su duka. Na raba su, mastad ya koma wajen ƙofa a buɗe saboda masu barbara, kabeji yana cikin raga.

Yawan watsa ruwan nan yana da nasa haɗarin. Idan kuka ga gefen ganye ya yi rawaya, rawayar ta shiga ciki da tsini, jijiyoyin wurin sun yi baƙi, wannan baƙin ruɓa ne, ƙwayar cuta ce da ke bin iri da fantsamar ruwa, kuma ɗumi da laima take so. Ku cire ganyen ku fitar da shi daga gidan, kada ya shiga ramin taki, ku daina watsa wa wannan tushen ruwa ta sama. Masu tara irin kabeji suna jiƙa shi a ruwa mai digiri 50 na kimanin minti 25 kafin shuka, amma wannan sai da ma'aunin zafi a hannu, da ƙiyasi dafa irin za a yi.

Kwanson mastad ya fara bushewa daga ƙasan kara, ina tsinka da safe kafin rana ta sa ya fashe da kansa. Da ruwan farko zan sake zuba lansir a ƙarƙashin rumfa in ga yadda zai yi da damina, domin ina zargin laima za ta kwantar da shi. Abin da nake nema yanzu irin mastad ɗin Habasha ne. Ganyensa ya fi kusa da na kabeji a baki, ba ya jiran sanyi kafin ya yi fure, kuma yana karɓar garin kansa. Duk wanda ke da shi a cikinku, ko ya san mai zuwa Addis Ababa, ina da lansir da mastad na musaya, an shanya an sheƙe.